Kwalba Marar Suna a Jakar Rabi

Assalamu alaikum. Sunana Hajara, abinci nake sayarwa a bakin boda nan Jibiya, shinkafa da wake da rana, tuwo da yamma, direbobi da 'yan dako su ne abokan cinikina. Duk wanda ya san ni ya san bakina ba ya ajiye magana, kuma ban iya tsara rubutu ba, yadda abin ya zo mini haka zan zuba shi. Labarin jinyar Rabi ne, matar ƙanena Lawal. Ta rasu, Allah ya jiƙanta ya sa can ta fi mata nan. Na rubuta ne saboda matan da ke haihuwa ƙafafunsu su kumbura a ce musu sanyi ne, da kuma masu jinyarsu.

Rabi 'yar wani ƙauye ce a hanyar Maraɗi, bayan an wuce duwan, wato kwastan na can. Lawal direban babbar mota ne, albasa da hatsi yake ɗauka, a hanya ya ganta ya ce ya ji ya gani. Yarinya ce mai sanyin hali, irin wadda za ka taka ta ita ta ba ka haƙuri. Gida ɗaya muke, don tun da mijina ya rasu na dawo gidan mahaifinmu, ɗakinta yana kallon nawa. Ni da faɗa, ita da shiru, sai zamanmu ya yi daɗi.

Da ta samu ciki, na fari ne. A al'ada ya kamata a mayar da ita gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a can, uwarta ta yi mata wankan jego. To a lokacin boda a rufe take, hanyar daji kuwa kowa ya san abin da ke cikinta. Aka yi ta cewa sai mako mai zuwa, sai mako mai zuwa, har naƙuda ta zo mata a nan. Ta haifi mace lafiya lau.

Mahaifiyarta, Inna Hauwa, ta iso kafin suna a bayan babur, ranta a ɓace. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce, “Ɗiyata ta yi haihuwar fari a gidan miji kamar marar dangi. Mi zan ce ma mutanen garinmu?” Muka ba ta haƙuri. Ta ɗaura ɗamara ta karɓi aikin wanka: ruwa mai tafasa safe da yamma, ana faɗa mata shi da ganyen bedi, wato darbejiya, a fito a miƙa mata kunun kanwa cike da kwano. Ni ma haka aka yi mini a haihuwata, don haka ban ga aibu ba, ni nake sayo itacen ma.

Makon da ya biyo bayan suna silifas ɗin Rabi ya daina shigarta. Idan ka danna ƙaurinta da yatsa sai wurin ya lotsa, ya daɗe bai dawo ba. Daga ɗaki zuwa banɗaki sai ta tsaya ta dafa bango tana haki. Tari ya shigo, kwanciya ta gagara, sai dai ta jingina da bango da filo a bayanta, a haka take samun ɗan barci. Inna ta ce sanyi ne ya shige ta tun ranar haihuwa, a ƙara wuta a ƙara kanwa. Gwaggonmu ta taso daga Mazanya da turaren hayaƙi, ta ce iska ce, maijego ba ta rasa masu bibiyarta. Maƙwabciya ta ce shawara ce, ta kawo jiƙo. Mai kemis ya yi mata allura ya ba da maganin tari. Duk muka yi, duk muka biya, jiki sai gaba yake yi.

Ana cikin haka aka aiko wa Inna cewa maigidanta ba lafiya, ga kaka ta yi, amfani yana gona. Ta tafi tana jaddada mini kada a fasa wanka ko sau ɗaya. Bayan tafiyarta na shiga ɗakin Rabi na tarar leɓenta ya yi duhu, tana son ta ce “Yaya” numfashi ya hana ta. Na ce kai, wannan ya wuce sanyi. Na kai ta ƙaramin asibiti a nan gari, nas ɗin ta saurari ƙirjinta ta ɗago ta dube ni ta ce, “Hajiya, Katsina, yau ba gobe ba.”

Wanda bai taɓa ɗaukar marar lafiya a hanyar Jibiya zuwa Katsina ba, Allah ya sa kada ya gani. Shinge bayan shinge, kowa a motar bakinsa da addu'a, idonsa a kan daji, ita kuma tana jikina tana kokawa da iska, jaririya tana tsala kuka a bayana. Asibitin da muka je ba zan faɗi sunansa ba. Layin kati daban, layin biya daban, layin ganin likita daban, kowanne ka kai gaba sai a ce ka koma wancan. Keken tura marasa lafiya sai da na yi rigima da wani ƙato kafin na samu. Lawal ya sayar da ragon da yake kiwo da babur ɗinsa ya biyo mu, ni kuma na rufe rumfa.

Allah ya haɗa mu da wata likita mace, 'yar siririya mai magana a hankali. Ta ɗauki hoton zuciyar Rabi, ta juyo da allon ta nuna mini wani abu yana motsi a kasalance. Maganarta har yau tana kunnena: “Zuciyarta ta buɗe ta saki. Tana bugawa, amma ba ta iya turo jini, shi ya sa ruwa ke taruwa a ƙafa da huhu. Yana samun wasu mata bayan haihuwa. Daga yau babu kanwa, babu gishiri, babu wankan tafasasshen ruwa.”

Na ce, “Likita, mu duk haka aka yi mana, ga mu nan garau.”

Ta ce, “Ba zan ce shi ya jawo ba, mu kanmu ba mu gama sanin abin da ke jawo shi ba. Amma zuciyar da ta gaji, idan kika ba ta kanwa, kaya kika ƙara mata.”

Aka ba mu gado. Suka fara ba ta wani magani mai sa fitsari, wallahi sai da na gaji da zubar da fo. Kafin mako ya zagayo ƙafafun sun saɓe, ta kwanta a bayanta ta yi barci har da minshari. Na zauna a gefenta na yi kuka na gode wa Allah.

Da aka kusa sallamarmu likitar ta kira mu ofis, ni da Rabi da Lawal. Ta ce akwai wani sabon magani da ake gwadawa a kan wannan ciwo, tana so ta yi mana bayani, idan mun yarda Rabi ta shiga, idan ba mu yarda ba babu abin da zai canja a kulawar da ake yi mata. Ina jin kalmar gwaji na miƙe na ce, “Au, ɓera kuka samu? Don kun gan mu daga ƙauye?”

Ba ta yi fushi ba. Ta ce in zauna. Ta ce magani ba ya shiga kemis sai ya bi matakai. Na farko an wuce shi, an ba mutane kaɗan an ga ba ya yi musu illa mai tsanani. Yanzu ana mataki na tsakiya, ana ba masu ciwon don a ga ko yana aiki da gaske, idan ya nuna alama sannan a yi babban gwaji. Ta ce duk wadda ta shiga za ta ci gaba da shan magungunan zuciya da kowa ke sha, ba za a rage mata ko ɗaya ba. A kansu za a ƙara mata wata kwalba. Wasu matan a kwalbarsu sabon maganin ne, wasu kuma ƙwaya ce ta banza, gari ne kawai aka dunƙule, kamarsu ɗaya. Kwalbar ba ta da suna sai lamba.

Na ce, “Ita wanne za ki ba ta?”

Ta ce, “Ni ma ban sani ba, ƙuri'a ce. Idan na sani, idona zai riƙa ganin sauƙi ko da babu shi.”

Tabɗi, na ce yau ga likita ba ta san abin da take bayarwa ba. Rabi kuwa tambaya ɗaya ta yi, kanta a ƙasa, don kunyar ɗan fari ko sunan yarinyar ba ta faɗa: “Zan ci gaba da ba waccan nono?” Aka ce mata eh. Ta dubi Lawal, ya gyaɗa kai, ta dangwala yatsa. Ba zan ɓoye muku ba, abin da ya ja mu shi ne an ce hoto da gwajin jini da magani duk kyauta ne, har kuɗin mota. A lokacin Lawal ba shi da sauran abin sayarwa sai katifarsu.

Muka dawo Jibiya da leda ɗaya cike da magani, masu suna a kwalayensu, ga farar kwalba mai lamba a tsakiyarsu. Kowace Talata mu kama hanyar Katsina. A auna nauyinta, a danna ƙafa, a saurari ƙirji, a ɗebi jini. Babu bin dogon layi, nas ɗinsu har sunanta ta sani. A benci muke haɗuwa da sauran matan, kowacce tana cankar abin da ke kwalbarta. Wata 'yar Farfaru ta rantse nata na gaske ne don yana sa ta gyatsa, muka yi ta dariya. Rabi ta fara shara, ta fara wanki, wata rana na dawo na tarar ta daka sakwara wai don ta ba ni mamaki. Na yi mata faɗa, amma a raina daɗi kamar ya kashe ni. Ni da ita duk mun sakankance na gasken ta samu.

Ban san wanda ya kai wa Inna labari ba. A bakin boda magana ba ta tsayawa a shinge. Kafin ta isa ƙauyensu ta rikiɗe: wai Turawa suna gwada magani a jikin ɗiyarta, suna ɗibar jininta duk mako suna sayarwa, kuma wadda ta sha ba ta ƙara haihuwa.

Wata Juma'a da hantsi sai ga Inna da yayanta, Kawu Idi. Lawal yana gida, ya zube a gabansu ya sunkuyar da kai. Inna ba ta magana da suruki kai tsaye, Kawu Idi ne ya ce sun zo tafiya da 'yarsu ta ƙarasa wanka a gida, haƙƙinsu ne, an riga an tauye su sau ɗaya. Lawal ya ce, “To, Kawu.” Shi ke nan abin da ya iya faɗa. Na san ƙanena, ko wuƙa aka ɗora masa a wuya ba zai iya cewa surukarsa a'a ba.

Ni kuwa na yi tsalle na dire. Na ce, “Inna, ki dube ta da kyau. Yadda kika bar ta ke nan? Yarinyar nan da ƙyar muka ƙwato ta. Likita ta ce kanwa da ruwan zafi ba nata ba ne.”

Ta ce, “Hajara, haihuwa tara na yi, ba lokotoro ya yi mini wanka ba. Maganin da ba shi da suna, wanda mai ba da shi ta ce ba ta san mi ne ne ba, shi kuke ɗura ma ɗiyata? In ɗiyarki ce kya yarda?”

Na yi bayani har bakina ya bushe, ƙuri'a, mataki, lamba, duk abin da na fahimta. Ina faɗa ina jin yadda maganar ke fita ba daɗin ji, don ita Inna abu ɗaya ta riƙe, likita ta ce ba ta sani ba. Rabi ta ja ni ɗaki ta kama hannuna ta ce, “Yaya, don Allah ki bari. Mako biyu ne kawai, ta fita kunyar mutane in dawo. Ai na ji sauƙi. Idan na ƙi bin ta ba za ta yafe mini ba.”

Na kira likitar a waya. Ta ce ba ta so a yi tafiyar, amma ba ta da ikon riƙe kowa. Ta ce gwaji kam Rabi na iya barinsa duk ranar da ta so, a ajiye kwalbar, amma magungunan zuciya ko kwana ɗaya kada a tsallake. Na ce wa Rabi ta bar kwalbar a nan don a zauna lafiya. Ta ƙi, ta ce ai ita ce ta tashe ta, ta tura ta ƙasan leda ta ƙulle. Na ɗauki ledar na nuna wa Inna, na ce wannan da safe, wannan da yamma, kada a ba ta kanwa. Ta ce, “Na ji.” Suka hau babura suka tafi da ita da jaririyar.

Layin wayarmu na nan ba ya kamawa a ƙauyensu. Mako biyu suka cika, ba Rabi ba labarinta. Lawal ya yi lodi ya tafi kudu. Nas ta yi ta kirana tana tambaya, ina cewa gobe. A mako na uku na samu wani ɗan kabu-kabu, mai haya da babur ɗan garinsu, na ba shi abinci na ce ya dubo mini ita. Washegari ya dawo yana fara'a ya ce, “Hajiya, kwantar da hankalinki, jego ya karɓe ta. Har ƙiba ta yi, fuska ta cika.”

Ludayi ya faɗi daga hannuna. Ƙiba a mako uku? Na bar tukunya a kan wuta na ce ya juya babur.

Na same ta a inuwar ɗaki, zaune a tabarma ta jingina da bango. Fuska ta kumbura har idanun sun shige, ƙafafu kamar turmi, fatar bayanta duk ta saɓule da ruwan zafi. Kwanon kunun kanwa yana gefenta. Ta ɗago da ƙyar ta ce, “Yaya, kin zo.”

Na ce, “Ina maganinki?”

Ta dubi uwarta. Inna ta ce, “Na zuba su masai tun ranar da muka iso. Marar sunan da 'yan uwansa duka, tunda hannu ɗaya suka fito, wa ya san wanne ne wanne? Tsotse ta suke yi, kullum tana hanyar bayi. Yanzu ga ta nan jiki ya dawo.”

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Abin da na faɗa wa tsohuwar nan a tsakar gidanta ba zan maimaita shi a nan ba. Maƙwabta suka taru. Kawu Idi da ya matso ya ji yadda ƙirjinta ke ƙara, sai ya je ya ɗauro amalanken shanu. Muka kai ta bakin kwalta, daga nan muka samu mota zuwa Maraɗi, don Katsina ta yi mata nisa.

Likitan can ya tambaye ni me take sha. Na san launinsu, na san na safe da na yamma, suna kam ban riƙe ba. Na ce akwai kuma wani na gwaji marar suna. Ya riƙe baki. Wayata ba sabis, na fita da gudu na roƙi wani mai shayi ya ara mini tasa, na kira likitarmu na miƙa masa. Ita Turanci, shi Faransanci, suka kasa fahimtar juna, sai suka koma Hausa. Ta lissafa masa magungunan, ta ce tunda an yi makonni ba ta sha komai ba kada ya jira sanin na kwalbar, ya yi abin da zai iya. Wallahi ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa. Aka sa mata robar iska a hanci, aka yi ta allura. Ruwan ya ƙi fita.

Washegari bayan azahar ta yafito ni. Na kara kunnena. Ta ce, “Yaya, ki ce wa Likita ta yi haƙuri, ba ƙin zuwa na yi ba.” Na ce ta yi shiru, da bakinta za ta faɗa mata. Inna tana riƙe da ƙafafunta tana murzawa. Kafin la'asar rai ya yi halinsa.

A ƙauyensu aka binne ta. Lawal bai samu jana'iza ba, a hanya labari ya same shi. A zaman makoki Inna ta faɗa a gaban mata cewa gwajin Najeriya ne ya cinye mata ɗiya, tun kafin ta ɗauko ta an riga an lalata mata ciki. Ni kuma na ce an raba ta da maganin da ke warkar da ita. Aka rirriƙe mu. Suka ce jaririya tana hannunsu, ba za ta koma inda aka kashe uwarta ba. Muka dawo Jibiya hannu biyu. Lawal ya daina magana, ya dawo daga tafiya ya shige ɗakinta ya rufe ƙofa.

Bayan watanni likitar ta kira ni ta ce in zo. Ta ce dokar gwaji ce, idan wani ya rasu dole a buɗe lambarsa a bincika ko maganin yana da hannu. An buɗe ta Rabi.

Ta ce, “Hajiya, ta banzar ce ta samu. Babu magani a ciki.”

Na ce, “Gari?”

Ta ce, “Gari.”

Na ce, “Kika zuba ido yarinya tana haɗiyar gari tana gode miki? Sauƙin da ta samu fa?” Ta ce magungunan zuciyar ne na kullum, da barin kanwa, da duba ta da ake yi duk mako. Na ce shi sabon yana aiki ko ba ya yi? Ta ce, “Ba mu sani ba tukuna. Don a sani ake gwajin.” Na isar mata da saƙon Rabi. Ta cire tabarau ta daɗe tana share ido, sannan ta ce, “Mun yi wa mijinta bayani, mun yi miki. Da mun sani da mahaifiyarta muka nema.”

Ina gode wa likitar da mutanenta, don ba don su ba da Rabi ba ta ƙara ko mako ba, kuma ba su yi mana ƙarya ba, tun farko sun ce ƙuri'a ce. Amma ina da ƙorafi kuma zan faɗa. Kun san garin boda kuke ɗaukar mutane, kun san maijego ba ta da iko da kanta, tana da uwa tana da kawu. Me ya hana ku tambayi wa ke da ta cewa a kanta? Me ya sa kuka zuba maganin da rai ya rataya a kansa da kwalbar gwaji a leda ɗaya? Ku kuma 'yan uwana mata, idan maijego ta kumbura tana haki ta kasa kwanciya, ba sanyi ba ne, ba ƙiba ba ce, a nufi asibiti. Idan an sa naku a gwaji kun ji tsoro, ku mayar musu da kwalbarsu, haƙƙinku ne, amma ku tambaya kafin ku taɓa sauran.

Ya rage in kai wa Inna labari. Na ƙetara da sabulu da 'yan riguna da Lawal ya saya wa yarinyar. A hanya ina ta shirya maganganu, don na daɗe ina jiran ranar da zan wanke gidanmu daga sunan kisa. Na same ta tana tankaɗe, yarinyar a goye. Ta rame, ta tsufa, har na kusa kasa gane ta. Ta amsa sallama a daƙile ta shimfiɗa mini tabarma.

Na ce, “Inna, an buɗe kwalbar nan. Babu magani a cikinta, gari ne.”

Ta ajiye rariya. “Gari?”

“Gari. Bai kashe ta ba. Kuma ba shi ya tashe ta ba, ni ma abin da na faɗa ranar makoki ba haka yake ba.”

Ta tsura wa garin da ke gabanta ido, har na zaci ba ta gane ba. Can ta ce, “To sauran fa? Masu sunan, da na zubar tare da shi?”

Duk maganganun da na shirya suka gudu. Na ce, “Inna, kwana ne ya ƙare. Wanda Allah ya kira babu mai riƙe shi.”

Ta ce, “Na san wannan tun ba a haife ki ba. Ba shi na tambaye ki ba. Ke ba ki iya ɓoye magana ba, Hajara, kada ki fara yau.”

Na ce, “Su ne suke riƙe da ita.”

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta miƙe a hankali ta kwance goyon, ta juyo da yarinyar ta dube ta, sannan ta ɗora mini ita a cinya. Ta shiga ɗaki ta haɗo kayanta a ɗankwali ta ajiye a gabana.

Na ce, “Inna, wallahi ba don wannan na zo ba. Ki bar ta a wurinki, Lawal zai riƙa zuwa.”

Ta ce, “Na sani. Kai ta ga ubanta. In ta yi ciwo yanzu, ni ban san kuma abin da zan ba ta ba.”

Na roƙe ta, Kawu Idi ya shigo ya roƙe ta, ta ƙi. Na goya yarinyar tana kuka tana miƙa mata hannu. Watanni ina addu'ar ranar da zan dawo da ita gida, ga ta a bayana, amma ina tafiya ina waiwaye. Har muka fita zaure Inna ba ta ɗago ba, tana zaune a ƙasa ta buɗe tafukan hannunta tana kallonsu.

Allah ya jiƙan Rabi. Wanda ya karanta wannan ya sa Inna Hauwa a addu'a, ta fi mu buƙata.